Amsa ga Yaya a kan hoton 'yarsa da finafinan da yaranmu ke kallo a Bronx

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da tambayar iyali da ɗalibai. Saƙonka na murya ya iso, na kuma saurare shi har ƙarshe. Ka ce hoton 'yarka da aka tura zauren dangi ya hana ka sukuni: yarinya 'yar shekara 15, mai zuwa Islamiyya, sanye da shuɗiyar riga mai zanen walƙiya a ƙirji, tana tsaye cikin masu shigar dodanni. Ka tambaya ko wani bikin addinin mutanen nan muka shiga, ko kuwa zaman Amurka ne ya fara cin mu. Ka ƙara da cewa in yaranmu sun kira gida ba su da zance sai na wasu jarumai masu tashi sama, ka kuma tambayi abin da ƙasashen Musulmi za su ce a kan irin waɗannan finafinai. Tambayarka a kan hanya take, kuma ba kai kaɗai ke da ita ba, shi ya sa na ga gara in ba da amsar a fili, duk mai ɗa ko ƙanwa a waje ya karanta.

Ni na ɗinka rigar, da hannuna da kekena, da sanin mahaifinta. Wurin da aka ɗauki hoton kuwa baje kolin littattafan komik ne, wato na labarai cikin zane, da ake yi duk watan Oktoba a babban zauren Javits, bakin kogin Hudson a Manhattan. Tun 2006 ake yin sa, kwana huɗu, daga Alhamis zuwa Lahadi, kuma masu shiga kan kai 200,000. Kamfanonin buga littafi na kasa kayansu, masu zane na zaune a teburansu suna sayar da aikin hannunsu, 'yan fim na zuwa a yi hira da su. Ba a yanka komai, ba a roƙon kowa, kasuwa ce. Shigar da ka gani wasa ne, kowa na kwaikwayon wanda ya fi so a labari. Ka tuna tashe a unguwarmu, yadda kake liƙa gemun auduga ka ɗauki sanda ka zama tsoho, ba wanda ya taɓa cewa ka bar addini. Da azahar ta yi ita da ƙawayenta sun nemi lungu sun shimfiɗa sallayar da ke cikin jakarsu.

Bari in gaya maka yadda rigar take, domin hoto ba ya nuna komai da komai. Yadin mai kauri na saya a unguwar masu yadi ta Manhattan. Rigar wata yarinya ce jarumar littafin komik. A littafin rigar ta tsaya a cinya, ni kuwa na sauke ta har ƙasan gwiwa, na buɗe ta daga ƙugu don kada ta kama jiki, na yi mata shafi. Walƙiyar na yanko ta daga ragowar shadda ruwan gwal da ta saura a ɗinkin Sallah, na bi bakinta da zare sau biyu saboda shadda na son zarewa. Ita yarinyar labarin ba ta rufe kai, jan gyale take ratayawa a wuya. 'Yarka da bakinta ta ce a mayar da gyalen hijabi, ta kuma zauna kusa da ni tana riƙe min yadin har muka gama kalmasa.

Yarinyar labarin sunanta Kamala Khan. A 2014 kamfanin Marvel ya fara buga littafinta, marubuciyar Musulma ce, mai kula da aikin ma Musulma ce 'yar asalin Pakistan. An nuna ta 'yar shekara 16, iyayenta baƙi daga Pakistan, suna zaune a Jersey City, tsallaken kogi daga nan. Tana da wa mai yawan ibada, tana zuwa masallaci, tana da uwa mai tambayar ina za ki, da wa za ki, yaushe za ki dawo. A shafin farko an nuna ta a kanti tana shaƙar ƙamshin abincin da ta san ba zai shiga bakinta ba saboda naman alade ne. Duk ɗan Musulmin da ya tashi a garin nan ya san wannan tsayuwar. Akwai abin da ban so ba a labarin, domin ta taɓa fita ta taga da dare bayan mahaifinta ya hana ta, kuma mun zauna da 'yarka mun yi maganar nan sosai. Amma Yaya, muna garin nan aka yi 11 ga Satumba 2001, kuma shekaru bayan haka duk Musulmin da ya bayyana a talabijin to da bam a jikinsa. Yaran da aka haifa a wannan zamani sun tashi ba su taɓa ganin mai irin sunansu an nuna shi mutumin kirki ba. Ka auna abin da yarinya za ta ji ranar da ta buɗe littafi ta ga mai ceton gari irin ta ce.

Akwai wani abu da mutanen gida ba su cika sani ba. Waɗannan labarai 'ya'yan baƙi ne suka ƙago su. Superman ya fito a 1938 daga hannun wasu samari biyu na garin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura daga gabashin Turai. Labarin jariri ne da iyayensa suka saka a wani jirgi suka tura shi wata duniya don tasu za ta hallaka, ya tashi a hannun wasu, yana da sunan da aka raɗa masa a gida da sunan da yake amsawa a waje. Stan Lee, marubucin labaran Marvel, asalin sunansa Stanley Lieber, iyayensa daga Romaniya. Jack Kirby, mai zana su, asalin sunansa Jacob Kurtzberg. Mutanen da suka san ɗacin a ce sunanka ya yi nauyi a baki ne suka zauna suka cika littattafai da jarumai masu fuska biyu. To yaranmu haka suke kwana suke tashi. A gida Muhammadu ne mai durƙusawa ya gaida manya, yana fita ƙofa ya zama Mo mai Turancin da ni kaina sai na kasa kunne nake gane shi. Ba su da wanda za su gaya wa nauyin wannan, domin mu iyaye a gida muka girma, ba mu san shi ba. Sai suka tarar da shi a zane.

Kuma abin a unguwarmu aka haife shi. Makarantar sakandare ta DeWitt Clinton da ke nan Bronx, wadda 'ya'yan mutanenmu da dama suka yi, ita ce ta yaye Stan Lee da mutum biyun da suka ƙago Batman a 1939, Bob Kane da Bill Finger. A wani ɗan lambu kan titin Grand Concourse suke zama suna tsara labarin. Mazajenmu sun fi son tarihin Finger a kan na Batman ɗin kansa, domin shi ya yi mafi yawan aikin amma sunan Kane kaɗai aka riƙa bugawa, ya mutu a 1974 ba shi da komai, sai a 2015 kamfanin ya yarda ya sa sunansa. Su ma samarin Cleveland dala 130 aka ba su suka sallama Superman ɗungurungum. In aka tayar da wannan a majalisa sai ka ji direban tasi ya yi tsaki ya ce ai cin haƙƙin mai gumi ba yau ya fara ba a garin nan. A Highbridge kuma, inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa, akwai wata doguwar matattakala a titi na 167 da mata ke hawa da kayan cefane kullum. Da fim ɗin Joker ya fito a 2019 sai ga baƙi daga ƙasashe sun cika ta suna rawa ana ɗaukarsu hoto, masu unguwa na neman hanyar wucewa. Fim ɗin na manya ne, ba mu bar yara sun gan shi ba, amma ba yadda za ka ce wa yaro abin da ke faruwa a matattakalar gidansu bai shafe shi ba.

Ya kamata ka san su wane ne mu a nan. 'Yan Najeriya ba mu da yawa. Mafi yawan masu jin Hausa a Bronx mutanen zangon Kumasi ne da Nima da Tamale, sai 'yan Togo, sai mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa, wasunsu na kasuwanci a Harlem. Suna da walima da zaman makoki su ke haɗa mu, sai harabar masallaci bayan Juma'a. Maza masu tasi kan yi awa biyu a layin filin jirgi suna jiran fasinja, a nan suke kallon fim a waya. Mu mata a shagon ɗinki da na kitso. Babu masani a cikinmu, ba wanda ya karanci harkar fim, kowa ra'ayinsa yake faɗi yadda ya zo masa, kuma gardamar kan yi zafi har a manta da shayi a kan wuta.

Ba a taɓa gardama irin ta fim ɗin Black Panther ba, labarin sarkin wata ƙasar Afirka ta ƙage mai suna Wakanda. A watan Fabrairun 2018 ya fito. Makonni kafin nan shagona ya cika da baƙaƙen fatar Amurka masu neman a ɗinka musu atamfa za su sa su je silima, wasu ba su taɓa taka shagon ɗan Afirka ba. Kafin wannan lokaci yaranmu sun sha ba'a a makaranta, ana ce musu 'yan daji, ana tambayarsu ko a kan bishiya suke kwana. Ɗanka babba ya daɗe yana ƙin sa kaftani sai ranar Idi, yana dawowa kuma ya tuɓe. A wannan wata da kansa ya ɗauko hularsa ya sa ya tafi makaranta. Ko don wannan kaɗai ba zan iya zagin fim ɗin ba.

Ni tela ce, kayan jiki nake fara kallo. Matar da ta tsara suturar, Ruth Carter, ta yi bincike na gaske, har ta ci kyautar Oscar a 2019. Ta ɗauko bargon mutanen Lesotho, da hular matan Zulu, da jan kayan Masai, ƙabilar 'yan kasuwa ta cikin labarin kuma daga suturar Buzaye ta ɗauko tasu. Wani mutumin Agadas da ke zaune bayanmu a silimar Harlem da ya gan su sai da ya miƙe tsaye. Kiɗan ma daga kusa da mu ya fito. Muryar da ke tashi sa'ad da aka fara nuna ƙasar Wakanda ta Baaba Maal ce, Bafillacen Senegal, gangar kuwa tama ce, 'yar uwar kalangu, ga sarewar Fulani da ke bin mugun labarin duk inda ya shiga. Harshen da suke yi na Xhosa ne na Afirka ta Kudu. Nan dattawanmu suka sami abin cewa. Wani ya ce an kwaso kayan kowa an tara wuri ɗaya kamar duk Afirka gari guda ce. Wani malami ɗan Kumasi ya ce a ƙasar da aka ce ta fi kowace ci gaba ba masallaci ko ɗaya, sai bautar damisa da kiran kakanni, alhali Tambutu da Kano da Katsina sun yi ƙarnuka da karatu kafin Turawa su zo. Na yarda da shi, kuma na gaya wa yaran haka tun a hanyar gida.

Inda aka fi rabuwa shi ne a kan wa ke da gaskiya tsakanin sarkin da ɗan baffansa da aka yasar a Amurka ya tashi maraya, ya dawo da wuta a zuciya. Waɗanda suka yi tuƙin tasi tun shekarun 1990 suka ce fushinsa na da tushe. Suna nan aka harbe Amadou Diallo, Bafillacen Gini mai talla, a ƙofar gidansa a Soundview cikin Fabrairun 1999, harsashi 41 aka sakar masa ba ya riƙe da makami. Wasu kuma suka ce duk wanda ya hau gadon sarauta da jinin 'yan uwansa, ya ƙone abin da kakanni suka bari, to ba gyara ya zo yi ba. Yaranmu suka tsaya a tsaka, domin a gida Hausawa ne, a idon ɗan sanda kuwa babu bambanci tsakaninsu da jikan bawa. A daren nan ɗanka ya tambaye ni abin da ban taɓa jin yaro ya tambaya a gida ba. Ya ce ya ji a makaranta cewa 'yan Afirka ma sun sayar da 'yan uwansu, shin mutanen Zazzau na ciki? Na gaya masa abin da na sani game da rinji, wato ƙauyen bayi manoma, da hare-haren kudu, ban ɓoye ba. Fim ɗin jarumi mai kayan damisa ne ya buɗe wannan magana, wadda shekara da shekaru muna zaune da maƙwabtanmu baƙaƙe ba mu iya buɗe ta ba.

Da jarumin fim ɗin, Chadwick Boseman, ya mutu a Agustan 2020 yana da shekara 43, sai aka gane ashe shekara huɗu yana fama da ciwon daji yana aiki bai gaya wa duniya ba. Matan shagona da ba su san komai a kan komik ba sun yi kwanaki suna maganar haƙurinsa. Kuma tunda ka ambaci abin da ƙasashen Musulmi za su ce, wannan fim ne Saudiyya ta buɗe silimarta ta farko da shi a Riyad cikin Afrilun 2018, bayan shekara 35 a rufe. Ban kawo wannan a matsayin hujjar shari'a ba, ka fi ni sanin cewa aikin gwamnati ba fatawa ba ne. Na kawo shi ne don ka san abin ba a Amurka kaɗai yake ba.

Mutanenmu ba sa haɗiye labari yadda aka ba su. A wani fim na 2018 akwai wani ƙato mai suna Thanos da ya ƙudura kashe rabin halittu wai abinci ba zai ishi kowa ba. Samari na ta cewa ai lissafinsa daidai ne, hanyarsa ce kawai ba kyau. Wani dattijo mai sayar da turare ya bari suka gama, sannan ya karanto musu ayar Suratul Isra'i da ta hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci, ya ce wannan tunanin jahiliyya ne aka sa masa sulke. Yaran sun riƙe ayar nan fiye da wadda aka ba su hadda a makon. Haka in aka zo kan masu komawa baya cikin zamani don su sauya abin da ya riga ya faru, zancen ƙaddara ne ke tashi, kuma na ji yara 'yan shekara 13 suna yin sa da natsuwa.

Fim ɗin Dune kuwa, wanda kashinsa na farko ya fito a 2021 na biyu a 2024, ya raba mu gida biyu har yau. Labarin hamada ne da mutanenta masu rawani, da manyan dauloli masu zuwa kwasar arzikin da ke cikin yashinsu, da wani baƙo da suka ɗauka Mahadi. A hamadar Jodan da ta Abu Dhabi aka ɗauke shi. 'Yan matanmu da ke jami'a sun fusata, suka ce an ari suturarmu da kalmominmu na Larabci, amma manyan 'yan wasan ba Larabawa ba Buzaye. 'Yan Nijar kuwa suka ce ba sai an fassara musu ba, labarin yuraniyom ɗin Arlit ne. Wani Basakkwace ya ce shi abin da ya gani gargaɗi ne, domin mun san zancen Mahadi tun kafin a haifi marubucin labarin, mun san abin da ya faru da masu tawayen Mahadi a Satiru a 1906, mun san yadda talaka ke biyan kuɗin alƙawarin da wani ya yi masa da jininsa. Ni ina tare da Basakkwacen. A duk finafinan nan shi ne wanda na fi so, ko da yake maigidana barci ya kwashe shi a kashin farko, ya ce tafiyarsa ta yi sanyi.

Finafinan Marvel na bayan 2019 kuwa sun gundure ni. Sun yi yawa, kowanne sai ka kalli wasu biyar kafin ka gane shi, kuma duk ƙarshensu ɗaya, a yi ta rushe gini. Tikiti ya kusa dala 20 a Manhattan, mu sai ranar Talata da ake ragi. Samari ma sun koma kan na Japan. Littattafan nan da ake karantawa daga dama zuwa hagu su ke cika jakar ɗanka ƙarami, akwai wanda aka fara tun 1997 ya haura babi 1,000 bai ƙare ba. Ba saye muke yi ba, komik ɗaya siriri dala 4 zuwa 5 ne. A laburaren unguwa ake aro kyauta, tun 2021 ma an daina cin tarar wanda ya makara. Yaron da malamai suka ce ba ya son karatu ta nan ya kama. Sai dai ina duba kowanne kafin ya shiga ɗaki, domin yadda wasu ke zana mata bai dace da idon yaro ba, kuma na sha mayar da littafi ranar da aka aro shi.

Dokokinmu ba a rubuce suke ba amma kowa ya san su. Alamar shekarun da hukumar finafinai ke sawa ba ita ce ma'auninmu ba, domin abin da suka yarda ɗan shekara 13 ya gani ba lalle mu yarda ba. Iyaye mata muna da zaure a WhatsApp, wadda ta riga kallo sai ta faɗa wa saura abin da ke ciki. 'Yan gumakan jarumai da ake sayarwa ba sa kwana a fili a gidana. Jarumin nan mai guduma da ake kira Thor, tun yara na ƙanana aka gaya musu cewa mutanen arewacin Turai sun taɓa bauta masa, kuma wannan shirka ce, a fim ɗan wasa ne kawai da gashin aro. Bikin 31 ga Oktoba da ake shigar fatalwa ana bi gida gida neman alewa ba ma yin sa, domin shi tushensa na da alaƙa da imani da ruhohin matattu, limamai kan yi huɗuba a kansa duk shekara. Da yake wata ɗaya suke faɗowa da baje kolin, mai kallon hoto daga nesa zai iya haɗa su. Akwai gidajen da ba sa yarda da zanen mai rai ko kaɗan. Muna girmama su, kuma ba ma barin yaranmu su shiga can da komik a hannu. Akwai kuma waɗanda suka saki linzami gaba ɗaya, ba zan ɓoye maka ba, muna ganin sakamakon. Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoban 2023 kuma, yaran da kansu ne suka zo suka ce a yanke biyan kuɗin Disney, kamfanin da ya mallaki Marvel, wasu suka ƙaurace wa fim ɗin Marvel na Fabrairun 2025 saboda wata jaruma 'yar Isra'ila da aka sa a ciki. Ba mu muka sa su ba.

Yaya, ka yi min haƙuri in faɗi wata magana. Finafinan nan suna Zariya. Suna wurin masu tura fim a bakin kasuwa, ana loda wa yaro goma a waya da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, ya shige ɗaki ya kalla shi kaɗai ko da abokai, ba babba a kusa. Ɗalibanka sun san Thanos. Bambancin kawai mu muna zama da namu mu kalla, mu yi faɗa a kai, su kuma na gida suna ɓoyewa saboda sun san abin da za a ce. Na fi tsoron kallon da ba a tattauna shi ba a kan rigar da uwa ta auna ta ɗinka.

Abin da ke hana ni barci daban ne. Duk wannan gardama da yaranmu ke yi da Turanci suke yin ta. Suna jin Hausa, suna gaisuwa, suna cin tuwo, amma in abu ya taɓa zuciyarsu ba da Hausa yake fitowa ba. Abin mamaki, fassarar da samarin Kano ke yi wa finafinan waje ta fi littafin koyon Hausa amfani a gidana. Suna neman fim ɗin da suka riga suka sani a YouTube, su ji jarumin na magana da bakin Kano, su yi ta dariya suna maimaitawa, washegari ka ji karin magana a bakin yaron da aka haifa a asibitin Bronx. Amma wannan aro ne. Wani ɗan Najeriya mazaunin Amurka, Roye Okupe, ya yi komik na wata sarauniya mayaƙiya da ya ɗauko daga tarihin Sarauniya Amina. Na ji daɗi da 'yarka ta kawo shi gida, na kuma ji ciwo, domin labarin garinmu ne amma ba daga hannunmu ya fito ba, ba kuma da harshenmu ba. Alhali ba yau muka fara irin wannan ba. A 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da wani baƙo daga sama ya ɗauka yawon sararin samaniya, kuma a Zariya aka buga shi. Kai ka karanta mana shi a zaure muna yara.

'Yarka tana zane, kuma hannunta na da kyau. Ta fara wani labari da ta kafa a birnin Zariya na shekara 200 masu zuwa, ganuwa na nan, ana hawa dutsen Kufena a jirgi mara ƙara, jarumar kuma 'yar marina ce. Tana so maganganun ciki su kasance da Hausa, ga shi tata ba ta kai ba, tawa kuma ta kasuwa ce. Ta ce in roƙe ka abu uku. Ka sa a ɗauko mata hoton Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan daga ciki da waje, da rufin tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina, a tsaya a ƙasa a ɗaga waya sama yadda bakan ginin zai fito. Ka nemo mana kwafin littafin Dembo ko tsoho ne, akwai mai zuwa bayan Sallah. Sannan ka yarda ta riƙa turo maka shafi ɗaya duk mako kana gyara mata Hausar. Shi kuma babban har yanzu yana jiran wanda zai ba shi cikakken bayani a kan rinji, na ce masa kawunsa ne malamin tarihi, zai kira ka ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku. A gaida Inna da kyau, a ce mata maganin ƙafarta na hanya.